Hajiya Ruƙayya da Gajerenta

Ɗakin da aka fara ajiye mu a Jidda ba shi da taga. Mu mata ne da yawa a ciki, wasu daga Najeriya, wasu daga Nijar, wasu daga ƙasashen da ban taɓa jin yarensu ba, kowa ta yi matashi da jakarta. Sunana Hindatu, 'yar Gumel ce ni. Na yi makarantar koyon aikin lafiya, har na taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti kafin maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Walida. Ejan ɗin da ya shirya min tafiyar ya rantse min cewa asibiti za a kai ni in riƙa taimaka wa nas-nas. A wannan ɗakin na gane babu wani asibiti da yake jirana. Wani mutum ya shigo ya karɓe fasfo ɗinmu, wai zai adana mana. Aka ce min shi ne kafilina, wato zamana a ƙasar yana hannunsa. Bai ko dubi fuskata ba.

Daga nan aka loda mu a mota zuwa Makka, aka sauke ni a wani otal na alhazai a unguwar Jarwal. Ɗakin wanki aka tura ni, can ƙarƙashin ƙasa. Zannuwan gado da tawul sukan sauko tuli-tuli, mu wanke, mu goge, mu ninke, kafin mu ɗago kai wasu sun sauko. Harami yana kusa, muna jin kiran sallarsa tar, amma ba kullum ake barinmu mu fita ba. Maganin wanki ya cinye min yatsu har suka tsattsage. Akwai wata 'yar Indonesiya da muke guga tare, ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin yarensu, Larabcinmu duka bai wuce na gaisuwa ba. Wata rana ta kama hannuna ta dudduba, ta ciro wata 'yar kwalba daga aljihunta ta shafa min man da ke ciki, yatsa bayan yatsa. Tun daga ranar kullum sai ta shafa min. Har muka rabu ban iya faɗar sunanta daidai ba, amma ina sa ta a addu'a.

Da alhazai suka watse aiki ya ragu, shugaban ma'aikata ya fito da mu bakin titi da jakunkunanmu, ya ce mota tana zuwa ta mayar da mu wurin kafili. Muka tsaya har rana ta take. Mota ba ta zo ba, lambar kafili kuma ba ta shiga. Sauran matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda ta sani. Ni ban san ko'ina ba. Na zauna a kan jakata ina kuka ina magana ni kaɗai, sai wani dattijo mai sharar titi ya tsaya a kaina ya ce da Hausa, "Baiwar Allah, ki nemi Mansur. Can 'yan uwanki suke." Shi ya tare min mota ya yi wa direba bayani.

Tun kafin in sauka na ji ƙanshin daddawa. Unguwar Mansur cike take da mutanenmu, ga masu tsire, ga masu ɗinki, ga 'yan shaguna, Hausa da Larabci a cakuɗe a bakin kowa. Na tsaya gaban wata tsohuwa mai suyar waina don kawai ƙafafuna sun ƙi ci gaba. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi jakar.

"Ɗiyata, mi ya same ki? Taho ki zamna," in ji ta. "Ci tukuna, magana ta biyo baya."

Goggo Ige ke nan, Basakkwata, ta shekara da shekaru a Makka. Ta ba ni shimfiɗa a ɗakinta, ni kuma na karɓi niƙa da wanke-wanke. Na samu abinci da wurin kwana, amma hankalina bai kwanta ba. Ba ni da igama, katin izinin zama, don haka da an ce ga jawazat nan, wato jami'an shige da fice, sai in shige bayan buhunan shinkafa. Idan na kira gida, Walida takan karɓi wayar daga hannun Innata ta ce, "Umma, haƙorina ya fita, yaushe za ki zo ki gani?" Sai in ce ta kusa.

Wata safiya wani mutum cikin farar jallabiya ya zo sayen waina. Haifaffen Makka ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa tun zamanin da, Hausarsa a karye take, rabi Larabci. Sunansa Ustaz Faisal. Ya ce wa Goggo mahaifiyarsa ta faɗi a banɗaki ta karye a kwankwaso, an yi mata aiki, likita ya ce ƙashi ya haɗu, amma ta ƙi tashi, ta ƙi cin abinci sai waina, kuma duk mai aikin da aka kawo sai ta kore ta. Goggo ta nuna ni da cokalin suya.

"Ga wadda ta san aikin asibiti. Amma ba ta da takarda, na gaya maka gaskiya tun yanzu."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Idan Ummi ta karɓe ki, ni zan nemi kafilinki, in gyara igama. Lakin ki sani, idan ba ta tashi ba kafin Hajji, zan ɗauke ta zuwa gidana a Riyad, a rufe gidan nan. A can akwai mai kula da ita."

Haka na koma unguwar Shisha, cikin wani bene mai tsabta da sanyin na'ura. Hajiya Ruƙayya tana kwance a gado ta juya wa ƙofa baya. Farar tsohuwa ce mai jiki, da ƙananan idanu masu kaifi. Hausarta irin ta kakanninmu ce, tsohuwar Hausar Kano da ta gada a bakin iyayenta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Wata kuma aka kawo?" ta ce. "Ke 'yar nan, kada ki taɓa min ƙafa. Wannan ƙarfen da ke jingine can, kada ki matso min da shi."

Ƙarfen da take nufi shi ne abin dogarawa mai ƙafa huɗu da likita ya ba ta. Na duba ƙafar a ɓoye lokacin da nake canja mata zani, na ga tana ramewa. Na san idan aka ci gaba a haka, ko ta so tashi ba za ta iya ba. Na lallaɓa, na roƙa, na kawo zancen likita. Sai ta rufe ido ta ce ita ta ji ƙarar da ƙashinta ya yi ranar da ta faɗi, ba likita ba.

Kullum bayan la'asar takan ce in fita in ja mata ƙofa. Na ɗauka lazimi take yi. Ran nan na dawo ɗaukar kofi, sai na ji ta tana cewa, "Yalla! Yalla, Gajere! Wuce su!" Na tura ƙofar da sauri. Tana zaune ta jingina da matashi, da babbar waya a cinyarta, fuskarta ta yi haske kamar ba ita ba. A cikin wayar wasu ƙarti ne da hular kwano da kafaɗu a cushe, suna ture juna a kan ciyawa.

"Hajiya, faɗa ake yi?"

Ta yi kamar za ta kore ni, sai ta fasa. "Ƙwallon Amurka ce, jahila. Zo ki zauna. Ki bar kallon sauran, ki kalli gajeren can na baya."

Na zauna a bakin gado. Aka miƙa wa gajeren wata ƙwallo mai kamar gwanda, ya rungume ta a ƙirji. Gabansa a toshe yake da mutane, kowanne ya yi biyunsa. Ya nufe su da gudu, sai kawai ya tsaya cak, kamar an danna masa birki. Wani ƙato ya taho ya rungumi iska ya kife. Gajeren ya karkata hagu har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, duk suka bi hagu, shi kuwa ya riga ya bi dama. Wani ya cafko rigarsa, ya juya kamar mazari ya zare jikinsa. Har baya ya koma, ni na ce ya ruɗe, ashe wata 'yar kafa ya hango wadda ko akuya ba za ta bi ba. Ya ratsa ta, ya miƙe fili fetal, ƙafafunsa gajeru masu kauri suna cin ƙasa, mutane a bayansa suna faɗuwa. Da ya tsallake layin ƙarshe bai yi rawa ba, bai yi ihu ba. Ya miƙa wa alƙalin wasa ƙwallon, ya koma wurin zamansa.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da Hajiya ta ce, "Zauna mana, kin tare min haske."

"Hajiya, wannan mutum ne kuwa?"

"Mutum ne. Masha Allah. Ni na gan shi da idona."

A ranar ta ba ni labari. Tana amarya gwamnati ta tura maigidanta karatu Amurka, ya tafi da ita wani gari mai tsananin sanyi. Shi yana makaranta tun safe, ita tana ɗaki ita kaɗai, ba ta jin Turanci, ba ta san kowa ba, ƙanƙara ta rufe taga. Ta ce ta yi kukan Makka har idonta ya kumbura. Talabijin take kunnawa don ta ji muryar mutane, ba don tana fahimta ba. A nan ta ci karo da shi.

"Ban san dokar wasan ba, har yau ma ban gama sani ba. Amma wannan ba ya bukatar tafinta. Ga mutum ƙarami, ga ƙarti sun yi masa ca, ga shi ya fita. Ranar da yake wasa nakan gama girki da wuri. Marigayi maigidana ya yi ta yi min dariya, daga baya ya kai ni filin da kansa. Ina sanye da abaya da rigar sanyi a kai, Turawa suna kallona, ni kuwa ina ihu da Hausa." Ta yi dariya, sannan ta dube ni. "Ke ma kina kukan gida. Ina jin ki a kicin."

Ban musa ba. Na ba ta labarin Walida. Daga ranar ta daina korata bayan la'asar. Muka riƙa kallo tare, har na san wasu gudun nasa a ka, amma duk lokacin da ya tsaya cak ɗin nan sai in zuba masa ido kamar ban taɓa gani ba. Na lura da wani abu kuma: idan yana gudu, ƙafafun Hajiya suna motsi a ƙarƙashin bargo, har da mai ciwon.

Sai na yi dabara. Na ce a babban talabijin na falo zai fi fitowa, mu je can mu kalla. Ta gane ni nan take. Ta jefo min kofin roba ya bugi ƙofa.

"Yarinya kika mayar da ni? Za ki yaudare ni da alawa? Wallahi in kika sake, Faisal zai mayar da ke inda ya ɗauko ki."

Kwana biyu ba ta yi min magana ba sai da hannu. Na tsorata ƙwarai. Watan Hajji yana matsowa, Ustaz Faisal yana kira kullum yana tambaya, ni kuma ba ni da abin faɗa masa. Idan aka rufe gidan nan, bayan buhunan Goggo zan koma, babu takarda, babu hanyar gida.

Abin da ya faru bayan haka ba dabarata ba ce. Na dawo daga kanti da kankana a rungume, ƙofar ɗakinta a buɗe, ga kujera a tsakiyar hanya. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ina jin gajiya da fushin shirun nan ne. Na ce da ƙarfi, "Ga Gajere nan!" Na nufi kujerar da gudu, na karkata hagu, na ce zan bi dama. Silifas ya kwashe ni a kan tayil, na zauna daɓas, kankana ta gangara har ƙarƙashin gadonta.

Hajiya ta yi dariya har da tari, hawaye yana zuba. "La ilaha illallah! Wannan Gajere ne ko buhun gero? Sake in gani."

Na tashi ina ɗingishi na sake.

"A'a! Da kafaɗa kike yi. Shi ba da kafaɗa yake ruɗa su ba, da ƙugu ne. Ki sauke ƙugunki ƙasa."

Na sake. Ta dafe kai.

"Ke dai ba ki da ido. Wata nawa kina kallo? Miƙo min ƙarfen can."

Na tsaya ina kallonta.

"Miƙo min, na ce!"

Na kawo shi gaban gado. Ta zuro ƙafafu ƙasa, ta kama ƙarfen, ta yunƙura tana faɗa, ta miƙe. "Kin gani? Nauyinki a nan, idonki a can, sai ki..." Ta ɗan karkata ƙugu. A nan ta gane a tsaye take. Fuskarta ta canja, jikinta ya hau ɓari, ta ce da ƙaramar murya, "Hindatu, riƙe ni." Ranar ta fara kiran sunana. Na rungume ta ta baya na ce, "Ina riƙe da ke, Hajiya. Ƙafar ta ɗauke ki. Ji da kanki." Muka tsaya a haka, tana salati, ina jin bugun zuciyarta a hannuna.

Ba a ranar ta yi tafiya ba, kuma abin bai zo da sauƙi ba. Akwai ranakun da ta zage ni, akwai ranakun da ta yi kuka ta ce a bar ta ta mutu a gadonta. Nakan gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi, in miƙe ta, in lanƙwasa, yadda na koya. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa falo. Sau ɗaya gwiwarta ta saki muka zube tare a kan kafet. Na ce shi ke nan, ba za ta ƙara yarda ba. Tana kwance tana kallon silin ta ce, "Waɗannan da muke kallo, zaɓaɓɓu ne aka haɗa. Ni da na ga wasannin gaba ɗaya, sau da yawa tun bai je ko'ina ba suke danne shi, su taru a kansa har ka ce ba zai tashi ba." Ta miƙo min hannu. "Ja ni."

Ana sauran kwanaki kaɗan a hau Arfa Ustaz Faisal ya zo daga Riyad, har ya yi magana da masu kwashe kaya. Ya buga ƙararrawa, na tashi zan buɗe, Hajiya ta ce in zauna. Ta ɗauki lokaci kafin ta kai ƙofar, ƙarfen yana ƙwas ƙwas a kan tayil, shi kuma yana ta sake bugawa. Da ƙofar ta buɗe ya ga wadda ta buɗe, jakar hannunsa ta faɗi.

"Ummi!"

"Ka cika gaggawa, ya waladi," ta ce. "Ka sallami masu motar. A Makka aka haife ni, ba inda za ni."

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, babban mutum yana kuka kamar yaro.

Ya cika alkawari. Ya yi ta zirga-zirga har ya gano kafilin nawa. Ashe mutumin bai taɓa kai rahoton na gudu ba, don shi ma ya san ba a kan ƙa'ida ya tura mu otal ba. Ya fito da fasfo ɗina, ya sa hannu aka mayar da ni ƙarƙashin gidan Hajiya. Ranar da igama ta fito na tafi Mansur na nuna wa Goggo Ige, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi. A hanyar dawowa na wuce motar jami'ai a hankali, ban sauya hanya ba.

Yanzu Hajiya ta ajiye ƙarfen, sanda take riƙewa. Muna zuwa kasuwar Shisha tare, tana yi wa masu kayan miya ciniki da Larabcin da ba na iya bi. Na je gida hutu sau ɗaya, na tarar Walida ta kai min kafaɗa.

Kwanakin baya muna kallo bayan la'asar, sai na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba. Na ce, "Hajiya, shi Gajere ina ya ƙare? Karya shi suka yi?"

"Ko kaɗan. Yana tsakiyar ƙarfinsa, kowa yana jiran ya ƙara, sai kawai ya ce ya gama. Mun riga mun dawo Makka, marigayi ne ya zo min da labarin. Na ji haushinsa, na yi kwanaki ina faɗa ni kaɗai. Sai da na tsufa na ga hankalinsa. Ya koma gidansu da ƙafafunsa lafiya." Ta kashe wayar ta ajiye. "Ke ma haka za ki yi."

"Korata za ki yi, Hajiya?"

"Na ga matan da suka zo nan suna kamarki, suka tsufa a kicin ɗin mutane, 'ya'yansu suka girma a waya. Hannunki na asibiti ne. Na yi magana da Faisal, ya binciko makarantar masu gashin ƙashi a Kano. Ki ƙarasa wannan shekarar, ki koma ki yi karatun, 'yarki tana kwana a ɗakinki."

Da ƙyar na ce, "To wa zai kula da ke?"

Ta dogara sandarta ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi kicin.

"Zauna ki share hawayen nan," ta ce. "Yau ni zan dafa mana shayi."